Allon Tuƙin da Chamsou ta Ɗinke

Duk wanda ya san Hajiya Chamsou a Greensboro ya san bakinta, ya kuma san yatsun nan nata da basilla ta mayar kamar ƙahon akuya. Haifaffiyar Damagaram ce, garin da in ruwan sama ya taru ya kai gwiwa sai a fito da yara kallo. Ta zo ƙasar nan tana da shekara talatin da biyar, da akwati ɗaya da miji ɗaya, ta shiga wani kamfanin kujeru a hanyar High Point, ta zauna gaban keken ɗinki shekara ashirin da ɗaya tana ɗinka wa kujerun masu hali riguna. Ɗakin aikin ko taga babu. Takan ce ta gyara wa ɗuwawun Turawa mazauni ya fi dubu ɗari, kuma har yau ko ɗaya bai aiko mata da godiya ba.

Mijinta, Malam Moctar, Basarke ne daga Gaya. A bakin kogi aka binne cibiyarsa, iyaye da kakanni duk masunta ne masu sassaƙa kwale-kwale. A nan kuwa kanikancin manyan motoci ya yi, yana kwance ƙarƙashin tirela har furfura ta cim masa a can. Mutum ne marar magana. In ya yi jimla uku a jere, Chamsou takan taɓa goshinsa ta ji ko zazzaɓi ne.

Wata Asabar sai ga mota ta shigo layinsu a McLeansville tana jan wani mataccen jirgin ruwa, tsawon ƙafa talatin, kore shar da gansakuka, irin mai doguwar sanda a tsakiya wanda ake ɗaga wa zane iska ta tura. Ashe Malam Moctar ne ya sayo shi. Aka girke shi a bayan gida kan tubala. Daga nan zuwa teku tafiyar awa uku da rabi ce a mota, in ba a tsaya fitsari ba. Shekara biyar jirgin yana nan, Malam Moctar yana shiga cikinsa kowace yamma da sifana. Har kajin maƙwabci suka saba yin ƙwai a inuwarsa.

Mutanenmu kuwa suka sami abin taunawa. Ba sunan da za a yi, ba ɗaurin aure, sai wani ya tada maganar. Ran nan a wurin wani suna, wani Alhaji mai tuƙin tasi ya ɗaga murya yadda mata za su ji:

"Malam Moctar, yaushe za a fara ɗibar dabbobi bibbiyu ne? A ajiye mini kujera kusa da taga."

Malam Moctar ya yi murmushi ya ci gaba da cin wainarsa. Chamsou ce ta leƙo daga ɓangaren mata.

"An rufe rajista, Alhaji. Amma tunda ka matsu, bari in duba ko da sauran wuri wajen birai."

Kada a ɗauka tun farko tana son jirgin. Ita ta fi kowa zaginsa. Sai ranar da Malam ya shimfiɗa tsohon zanen a tsakar gida, ɓeraye sun yi masa cin ƙosai, ta zo wucewa da kwanon wanki ta ga ɗinkin. Ta tsuguna, ta ja zaren da farce, ta ce duk wanda ya yi wannan ɗinki ba ya tsoron Allah. Wata huɗu ta yi tana ɗinka sabo a gareji. Da ta gama ta ce ladanta ɗaya ne, ita za ta raɗa wa jirgi suna. Haka aka rubuta DAMAGARAM da farin fenti a bayan jirgin Basarke, shi kuwa ya haɗiye. Kowace Lahadi kuma suka riƙa zuwa tafkin Townsend suna koyon sarrafa iska a ƙananan jirage, ita da hijabinta da rigar iyo mai ruwan lemo a kai, kamar buhun albasa.

Abin da ya sa ta yanke shawarar bin sa zaman teku, ƴarsu Ibtissam ce. Ibtissam nas ce, tana da gida a Sedgefield kusa da filin da Turawa ke bin ƙaramar ƙwallo da sanda, ga tagwaye tana goyo. Da Chamsou ta ajiye aiki, sai yarinyar ta kai ta ɗakin da ke ƙarƙashin gidan, an yi masa sabon fenti, an sa kafet mai laushi.

"Momi, naki ne. Kin wahala, yanzu sai hutu."

Chamsou ta duba. Taga ɗaya ce, can kusa da silin, faɗin tafin hannu biyu, in ka ɗaga kai sai ka ga takalman mai yankan ciyawa. A gefen babban gadon kuma an riga an jera ƙananan gadaje biyu masu shinge.

"Waɗannan biyun fa, su ne hutun?"

Tana son jikokinta, wallahi tana son su, har kuka take yi in ta shinshina kansu. Amma a mota kan hanyar komawa gida ta ce wa Malam ya gyara wurin mutum biyu a jirgi. Suka ba wasu ƴan Ghana hayar gidansu na shekara biyu cur, don kada ma zuciya ta raya musu komawa. Mata a guruf ɗin wasaf suka ba ta mako guda. Wata mai kirki a cikinsu ta ba ta kwana goma.

Kwana goman farko a teku kuwa amai ta yi ta yi, har ta ce ta ga tuwon da ta ci ranar bikinta. Daga nan ciki ya kwanta. Suka gangara bakin gaɓa a hankali har Florida, suka jira iska mai kyau, suka tsallaka zuwa tsibiran Bahamas.

Masu kallon hotuna suna zaton zaman jirgi kwanciya ce ana shan kwakwa. Chamsou ta ce aikin gida ne aka zuba masa gishiri aka kuma riƙa girgiza shi. Da asuba ta shafe raɓa da tsumma, ta leƙa ƙarƙashin katakon daɓe ta ga ko ruwa ya shigo, in ya shigo ta ja famfo har kafaɗa ta amsa. Ruwan daɗi da kofi ake auna shi. Alwala da ruwan teku, wanka da ruwan teku, sai a ƙarshe a ɗauraye da buta guda, ita ma ba a cika ta. Murhun girki a rataye yake yana lilo, ta koyi tuƙa tuwon semo ƙafa ɗaya a dafe da bango, tukunya a ɗaure da waya. In ta jefa daddawa a miyar kuka, jiragen da ke kusa sai ka ga suna rufe tagoginsu ɗaya bayan ɗaya. Salla kuwa, ka kabbara kana fuskantar gabas, kafin ka kai tahiya jirgi ya juya a kan anka, ƙarfen da ake jefawa ruwa ya riƙe shi, kana kallon Mexico. Ta tambayi wani malami ta waya, ya ce Allah Ya san niyya. Ta ce ta san Ya sani, ita dai wuyanta ne ya gaji.

Gyara kuma ba ranar banza. Yau famfon bayi, gobe wayar fitila ta ci tsatsa, jibi igiya ta goge a jikin ƙarfe. Malam yana cikin ramin inji rabinsa a waje, ita tana miƙa masa sifana tana faɗa masa abin da ya yi ba daidai ba. Zane in ya yage nata ne, ta zauna a kan benen jirgi da basilla da kakin zuma, ƙafa a miƙe, sama a buɗe har iyakar gani. A irin wannan zama ne wani lokaci ɗinki ke tsayawa a hannunta, ta yi ta kallo kawai. In Malam ya tambaye ta lafiya, sai ta ce zare take warwarewa.

Wata huɗu suna haka, sai akuya ta shigo maganar.

Sun iso wani dogon tsibiri mai mutane kaɗan. Tun Florida rabonsu da nama, don ba su yarda da yankan kanti ba, kifi kuwa ya fita ran Chamsou har ta ce in ta yi tari ƙaya ke fitowa. Daga kan bene ta hango awaki suna kiwo a tudu.

"Malam, ka ga abin da na gani?"

Ya gani. Matsalar ita ce ƙaramin jirgin roba da suke shiga zuwa gaɓa ya huje, facinsa bai bushe ba. Duk wata huɗun nan Malam Moctar a can nesa yake jefa anka, inda taswirar waya ta ce, kamar yaron kirki. Ran nan jinin Gaya ya motsa. Ya dubi ruwa garau, ya dubi farin yashi, ya dubi wata bishiya a bakin gaɓa, ya lallaɓa jirgi har kusa, ya yi iyo da igiya a baki ya ɗaure ta a bishiyar, yadda ubansa da kakansa suka yi ta yi a bakin kogi. Ya sani sarai teku tana cika tana janyewa sau biyu a yini, ya karanta, har jarrabawa ya ci. Amma kogin da ya haife shi in ya cika sai ya yi watanni a cike, tafkin da ya yi koyo a ciki shi ma haka, kuma hannu ba ya karanta littafi.

"Minti arba'in," in ji shi. "Mu saya mu dawo."

Wa ya taɓa sayen akuya a minti arba'in? Sai da aka nemo mai awakin a coci. Sai da Chamsou ta taɓa ƙirjin guda biyar ta raina. Sai da aka yi wa mutumin bayani cewa su za su yanka da kansu, ya kira matarsa ta zo ta ga ikon Allah. Malam ya fuskantar da akuyar gabas ya yanka, ya feɗe, Chamsou ta zauna wanke kayan ciki, don ba za ta bar wa kare hanji da tumbi ba tana da rai. Matar gidan ta kawo shayi. Ba a ƙin shayin mutane.

Da suka gangaro da nama a bokiti, rana ta karkata, sai suka tarar teku ta kwashe kayanta ta yi gaba. Damagaram na kwance a kan haƙarƙarinsa kamar saniyar da ta ci roba, sandarsa na nuna tudu. Mutanen ƙauye bakwai ko takwas suna tsaye suna kallo, hannu a ƙugu. Malam Moctar ya ajiye bokiti a hankali.

Kafin magariba ruwa ya dawo ya ɗaga jirgin, jikinsa lafiya, bai sha ruwa ba. Amma sitiyari ya ƙi juyawa. Allon tuƙi, wato faffaɗan allon da ke ƙarƙashin wutsiyar jirgi wanda in ka murɗa sitiyari shi ke karkata jirgin dama ko hagu, shi ya ɗauki nauyin duka a kan wani dutse. Washegari wani tsoho mai ɗan garejin jirage a ƙauyen, wanda Chamsou ta raɗa wa Baba Mai Lofe saboda lofen tabar da ba ya barin bakinsa, ya taimaka aka kwance allon da igiyoyi aka ja shi inuwar bishiya. Tsawonsa ya kusa kai mutum. Ɓari biyu ne na roba mai tauri aka manne kamar ɓawon gyaɗa, da soso a ciki da ƙarfe a tsakiya. Ya tsage daga ƙasa har rabi, ya wage baki yana zubar da ruwa.

Baba Mai Lofe ya zagaya shi sau biyu, ya ce gam kaɗai ba zai riƙe wannan ba, igiyar ruwa ɗaya za ta sake buɗe shi. Sai dai a yi odar sabo daga Florida, wata uku in an yi sa'a, kuma kafin nan lokacin guguwa ya matso. Shawararsa su bar jirgin a nan, shi zai nemo mai saye.

Malam Moctar ya koma gindin bishiyar ya zauna da carbi. Kwana biyu ko naman akuyar bai taɓa ba. Chamsou ta yi farfesu, ta yi soye, ta kai masa har gabansa, ya kau da kai. Ta san abin da ke cinsa. Da inji ne ya mutu, da guguwa ce ta karya sanda, da ya tashi ya gyara yana waƙa a hanci. Amma ɗan Sarkawa ya bar jirgi ya kwanta a busasshiyar ƙasa, gaban mutane, saboda akuya! Kuma wani ɗan yawon buɗe ido ya ɗauki hoto, hoton ya bi ta inda hotuna ke bi, kafin kwana biyu ya isa Greensboro. Alhaji mai tasi har saƙon murya ya aiko, yana jajantawa yana dariya a ciki.

Ran Litinin Ibtissam ta kira ta bidiyo, da kayan aiki a jikinta.

"Momi, ya isa haka. Na sayi tikiti biyu. Akwai ƙaramin jirgin sama da ke tashi daga tsibirin ran Alhamis da sha biyu. Na yi magana da Dadi, ya yarda."

Chamsou ta juya ta dubi gindin bishiya. Malam ya sunkuyar da kai yana jan carbi da sauri kamar ana binsa.

"Ya yarda?"

"Ya ce ya gaji. Ɗakinku na nan, na sa sabon zanen gado. Ba wanda zai ce muku komai."

"Ke kika ce. Kin san Hajiya Bebi ta guruf ɗinmu kuwa? Tun yanzu ta sayi maltina tana jiran ta zo yi mini sannu da zuwa."

"Momi, ba wasa nake ba."

"Ni ma haka. Gai da yaran."

Ta kashe waya ta tsaya a kansa.

"Sarkin Ruwa, ashe har an yi taro an tashi ban sani ba?"

"Chamsou, ki bari. Na kunyata."

"Ka kunyata, ƙwarai. Ni ma da na ce akuya na kunyata. To mi? Wanda ya kunyata binne shi ake yi?"

"Allon ya mutu. Kin ji abin da tsohon ya ce."

"Na ji ya ce gam ba ya riƙewa. Ban ji ya ce zare ba ya riƙewa ba."

Ta yi tsaki irin wanda ke tada kaji, ta wuce garejin Baba Mai Lofe ta aro injin huda. Ta koma jirgi ta ɗauko basilla mafi girma da ƙunshin siririyar igiyar nan mai ƙarfi da ake ɗaure zane da ita. Allon ya sha iska kwana uku, ya bushe. Ta kama shi ta ja, tana nishi tana salati, har sai da ta kawo shi daidai gaban ƙafafun mijinta, ko da yake inuwa ta fi yawa a ɗaya gefen. Sannan ta ɗaura ɗankwali tamau ta fara huda.

Ɗinkin kujera ta iya, shi ta yi. Ta ja layi miƙaƙƙe kusa da bakin tsagar, huda kusa da huda, tsaf kamar haƙoran amarya. A ranta ta ƙudura ko shi ya hau jirgin sama, ita sai ta ɗinke abin nan ta gani da idonta. Mutanen ƙauye suka fara taruwa. Huda ta ɗaya, carbi na tafiya. Ta uku, carbi ya rage gudu. A ta shida ya tsaya cak.

"Ba haka ake yi ba."

"Na'am? Gawa ta yi magana?"

"Kin matso baki da yawa. Kuma kin jera su layi ɗaya. Ruwa ya buga sau ɗaya zai bi layin nan ya yage shi kamar takardar rasit."

"Shekara ashirin da ɗaya ina ɗinki, ba wanda ya taɓa dawo da kujera."

"Kujera ba ta shiga ruwa! Kawo nan."

Ya fizge injin. Mutanen da ke kallo ba su ji Hausa ba, amma suka yi dariya, don wannan yaren kowa na da shi a gida.

Ashe a Gaya, kafin ƙusa ta yi araha, manyan kwale-kwale ɗinka su ake yi, katako da katako. Malam Moctar yana yaro ya sha riƙe wa ubansa igiya, shekara hamsin bai tuna ba sai da ya ga ana ɓata aikin a gabansa. Ya ja da baya daga bakin tsagar kamar yatsu uku, ya riƙa huda ɗaya kusa ɗaya nesa, kamar sawun kaza. Tsakanin kowace huda biyu ya sassaƙa ƴar kwata da wuƙa, don igiya ta kwanta ciki yashi kada ya goge ta. Ya aika a yanko masa reshe mai baki biyu. Baba Mai Lofe ya dama gam suka ɗura cikin tsagar. Chamsou ta zura basilla ta fito da igiya, shi ya naɗe ta a reshen ya dafa da ƙafa ya ja har allon ya yi ƙara, kafin ya saki sai ya buga ɗan tsinken itace cikin hudar ya danne igiyar don kada ta koma. Sannan huda ta gaba.

Huda tamanin da huɗu. Yini biyu suka yi a kai. Gam ya manne mata yatsu, igiya ta yanka tafin hannunsa, suka yi faɗa a kan ƙulli, ita ta ci, don a ƙulli ba a ja da ita. Da azahar ɗin rana ta biyu ya ce, ba tare da ya ɗago ba:

"Akwai sauran soyen nan?"

"Na ba kare."

Ta je ta ɗumamo masa.

Ran Laraba da yamma Baba Mai Lofe ya naɗe allon da wani farin ƙyalle mai ƙaiƙayi ya shafe da gam sau uku. Ya cire lofe daga baki, abin da ba su taɓa gani ba, ya shafa ɗinkin da ke tasowa ƙarƙashin ƙyallen, ya ce shekara sittin yana wannan aiki bai taɓa ganin irinsa ba, kuma ba zai ce zai riƙe ba, ba zai ce ba zai riƙe ba.

Ga inda abin ya tsaya. Gam sai safiyar Alhamis zai bushe. Ruwan da zai ba su damar fita ta mashigar tsibirin, inda za a san gaskiyar allon, sai ƙarfe ɗaya zai cika. Jirgin sama kuwa sha biyu zai tashi. Ba yadda za a gwada kafin a zaɓa.

Da hantsi suka maida allon wurinsa, Malam a cikin ruwa yana nutsewa yana tasowa, ita a sama tana riƙe da igiya. Maiƙo ya ƙare, ta kawo man kaɗanyar da take shafa wa faso aka shafe ƙarfen da shi. Ƙarfe goma da rabi motar da Ibtissam ta aiko ta tsaya a bakin hanya tana hon. Malam ya fito daga ruwa yana ɗiga, ya dubi motar, ya dubi matarsa.

"In bai riƙe ba fa?"

"Da sauran igiya."

"Chamsou, in ya buɗe a tsakiyar mashiga, duwatsu ne hagu da dama."

"Na gan su. Idona biyu. Kai dai faɗa mini gaskiya, ba ta kunya ba, ta Sarkawa. Ubanka zai hau jirgin da aka yi wa wannan ɗinki?"

Ya daɗe yana matse ruwa daga gemu.

"Zai hau."

Waya ta yi ƙara. Ibtissam ce, wannan karon ba faɗa, kuka take yi, tana haɗa Hausa da Turanci har ba a gane wasu.

"Direban ya ce kun ƙi fitowa. Momi, tsoro nake ji. Kullum in waya ta yi ƙara a wurin aiki sai gabana ya faɗi."

Chamsou ta zauna a kan bene.

"Na sani, uwata. Ni ma ina jin tsoro, kullum, har gudawa yake sa ni. Amma ki saurara. Na zauna inda aka ce in zauna tun ina budurwa. Zan zo in goya miki yaran nan har bayana ya karye, in Allah Ya kai mu, amma da ƙafata zan zo, ranar da na ga dama, ba a kwaso ni kamar kayan da aka ƙi saye ba. Ki ce wa mai motar ya yi haƙuri. Akwai cinyar akuya, in yana so ya zo ya karɓa."

Ya zo ya karɓa kuwa.

Suna kwance igiya ƙaramin jirgin saman ya wuce ta kansu, ƙasa-ƙasa, har ana ganin tayoyinsa. Ba wanda ya ɗaga kai a cikinsu, sai Baba Mai Lofe. Ƙarfe ɗaya Malam ya tada inji, ya ce ita za ta riƙe sitiyari, don shi zai kwanta a wutsiya ya zura kai yana kallon allon. Duk tafiyar nan ba ta taɓa tuƙi a mashiga ba. Ruwa na shigowa da ƙarfi, iska na tura shi baya, wurin ya yi ta tafasa kamar tukunyar dambu. Igiyar ruwa ta farko ta ɗaga su ta jefar, sitiyari ya fizge, ta rungume shi da ƙirji tana karanto duk addu'ar da ta sani har da ta shiga kasuwa. Ta biyu ta bugi gefen jirgi, kwanoni suka zube a ciki.

"Malam! Yana nan?"

"Dama! Ki ba shi dama!"

"Na ce yana nan?"

"Yana nan, tuƙa!"

Ta murɗa, jirgi ya ji, ya karkata kamar yadda aka ce masa. Dutsen hagu ya wuce kusa har ta ga kaguwa a kansa. Ta uku, ta huɗu, sai ruwa ya canja launi ya koma shuɗi mai duhu, tafasar ta koma bayansu. Malam Moctar ya miƙe, fuska jiƙe, ya kama igiya ya ɗaga zane, iska ta cika shi, ya kashe inji. Shiru ya sauka, sai ƙarar ruwa a jikin jirgi.

Ya zo zai karɓi sitiyari. Ta ture hannunsa da gwiwar hannu.

"Je ka kwashe kwanonin da suka zube. Kudu ka ce ko?"

"Kudu."

Ya sauka ciki. Jim kaɗan sai ta ji muryarsa daga ƙasa, a sanyaye, yana cewa famfon bayi ya sake tsayawa. Chamsou ta gyara tsayuwa, ta ce sifana mai lamba goma tana cikin gwangwanin madara, kuma in ya gama ya ɗora ruwan shayi.